Ranar da Nu'uman Ya Yanka wa Riɗi Lokaci

A unguwar su Baffa Jatau a Gadarif babu wanda bai san Nu'uman ya iya Jamusanci ba, domin shi da bakinsa ya bi gida gida ya sanar. Shekara biyu ya yi a wata jami'a a Khartum yana karanta harshen. Da yaƙi ya watsa ɗalibai sai ya dawo gidan baffansa da jaka ɗaya, da littafin mataki na tsakiya, da waya cike da finafinan darasi. Karatu ya koma ta waya. Malamarsu, Daktora Samah, takan turo musu rubutu su karanta, ta turo fim su kalla, su amsa tambayoyi. Sauran ɗalibai harshe suke koyo. Shi kuwa gogan naku sai ya ɗauka kowane babi umarni ne aka aiko wa mutanen Gadarif ta hannunsa.

Da suka yi babin shara, ya jera bokiti huɗu a tsakar gida: na takarda, na kwalba, na leda, na ragowar abinci. Awaki suka cinye na farko da na ƙarshe, suka kifar da sauran. Da suka yi babin hutun Lahadi, ya je ya ce wa mai injin niƙa ya kashe injinsa saboda haƙƙin maƙwabta. Mai injin ya dube shi, ya ƙara wuta. A wajen mai shayi kuwa ba ya buɗe baki sai da "A Jamus," shi da ko a Kassala, maƙwabciyarsu, bai taɓa kwana ba.

Babin da ya fi shiga ransa shi ne na tarmin. Ya ce Bajamushe ba ya zuwa wajen likita, ko aski, ko gidan ƙanwar uwarsa, sai an yanka masa rana da sa'a an rubuta, wannan shi ne tarmin. Ya ce rashin tarmin ne ya hana ƙasar nan ci gaba.

Ana haka, a watan Oktoba, Baffa Jatau ya zamo daga kan tarakta ya karya ƙafa. Maɗori ya ɗaure ta da kara, ya ce kwana arba'in ba taka ƙasa. Ga riɗinsa can a gonarsa ta wajen Simsim, yankin da ya ci sunan riɗi da Larabci, ya fara zubar da ganye. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san halin riɗi: in ya nuna, kwanaki kaɗan yake ba ka ka yanke shi ka ɗaure dami ka jingine, in ka wuce, ƙwanson ya buɗe baki ya zubar da shekararka a ƙasa. Kuma gonar nan ita ce abincin gidan gaba ɗaya. 'Ya'yan Baffa biyu suna can arewa wajen haƙar zinariya, ko waya ba a samun su.

Baffa yana kwance a kan angareb, gadon nan na igiya, yana kallon rufin ɗaki yana salati, sai Nu'uman ya shigo da littafi a hammata.

"Baffa, ka kwantar da hankalinka. Gonarka ta faɗa hannun ilimi."

Goggo, yayar Baffa, wadda ta yi shekara hamsin tana yankan riɗi, tana bakin ƙofa tana tsince wake. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ilimin ya taɓa riƙe lauje?"

"Goggo, a Jamus shugaba ba ya riƙe lauje. Tsari yake riƙewa."

Baffa dai ba shi da wani, ya ce ya je kasuwa ya samo jongo, wato 'yan ƙodagon gona, ya kai su kafin Talata. Abin da Baffa bai sani ba, Nu'uman yana da jarrabawar baka ranar Alhamis ƙarfe goma na safe. An ce kowane ɗalibi ya nuna wani wurin aiki na garinsu ta waya, kai tsaye, ya yi bayani da Jamusanci minti goma. Abokansa wani shagon tela zai nuna, wata kantin magani. Nu'uman ya riga ya hango kansa a tsaye bisa tirelar taraktan Baffa, bayansa mutum talatin suna yanka a jere, Daktora Samah tana share hawaye. Nan take ya buɗe littafinsa ya rubuta: Girbi, Alhamis, ƙarfe goma daidai. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ranar Litinin ya fara da gyaran gida. Maƙwabta suka fara zuwa duba Baffa, sai suka tarar da tebur a bakin zaure, Nu'uman a zaune da biro. Na farko Malam Yunus ne, aminin Baffa tun suna kiwon shanu, ya zo da ledar lemo.

"Salamu alaikum. Yaya mai jiki?"

"Wa alaikumus salam, Baba Yunus. Kana da tarmin?"

"Lemo dai na kawo."

"A'a, lokaci. An rubuta ka?"

"Ya walad, kai yaro, ni na yanka ragon sunanka. Wa zai rubuta ni?"

"Akwai wuri ranar Asabar, sha ɗaya da kwata zuwa sha ɗaya da rabi. Ka iya barin lemon."

Malam Yunus ya juya da lemonsa. Kafin azahar Nu'uman ya mayar da mutum goma sha bakwai, har da liman da maɗorin da ya zo duba ɗaurin. Baffa yana ciki yana ta mamakin yadda duniya ta juya masa baya daga karya ƙafa ɗaya. Sai da Goggo ta dawo daga gidan suna ta ji labari a hanya, ta shigo ta ɗauki teburin da littafin da ke kansa ta jefa bayan katanga.

"Goggo, wannan ai rushe tsari ne!"

"Saura kai."

Talata da sassafe ya ɗauko teburin ya goge, ya ɗora a keken jaki zuwa inda jongo ke taruwa a gefen kasuwar hatsi. A nan yadda ake yi, mai gona ya tsaya da lori ya ɗaga murya ya faɗi inda gonarsa take, a yi 'yar magana, mutane su haye, shi ke nan. Nu'uman ya kafa tebur da kujera biyu, ya buɗe babi na bakwai, babin neman aiki. Wani ƙato mai suna Elsadig, shugaban mutum ashirin, ya matso da laujensa a kafaɗa.

"Ya ustaz, yankan simsim ne? Ina gonar?"

"Zauna tukuna. Ina takardar tarihin rayuwarka?"

Elsadig ya miƙa masa tafin hannu, duk kanta. "Ga ta."

"Me ya sa kake sha'awar wannan aiki?"

"Yunwa."

Nu'uman ya rubuta. "Me kake yi a lokacin hutunka?"

"Neman aiki."

"Ina kake ganin kanka nan da shekara biyar?"

"A'uzu billahi. Ya zol, bawan Allah, kai boka ne ko mai gona?"

"Amsa kawai za ka yi. Wane aibi kake ganin kana da shi?"

"Hannuna yana da sauri in ana ɓata mini safiya."

Nu'uman ya rubuta wannan ma, ya ɗan ja kujerarsa baya. Mutane suka taru suna kallo, masu loda buhu suka ajiye buhunsu, wata mai shayi ta bar tukunyarta tana tafasa. Ya yi wa mutum shida tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ya miƙe ya gyara wuyan riga, ya faɗi abin da matar cikin fim ɗin darasi take faɗi a ƙarshe.

"Mun gode da zuwanku. Za mu tuntuɓe ku cikin mako biyu."

Sai dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Elsadig ya ce, "Mako biyu? A simsim? Ustaz, nan da mako biyu tururuwa za ka yi wa tambayoyin nan, su za su kwashe maka." Wata lori ta tsaya, mai ita ya ce gonarsa tana Gadambaliya, kafin Nu'uman ya rufe biro babu ko mutum ɗaya a gabansa. Ya koma gida ya ce wa Baffa an yi zagaye na farko lafiya.

Baffa ya juya fuska ga bango. Goggo ta yafa tobinta, mayafin matan ƙasar, ta ɗauki garin kofi da citta ta fita. Gida gida ta bi mutum goma sha bakwai ɗin nan da aka kora, ta zauna, aka dafa jabana, kofin nan mai citta, aka sha, ta ba da haƙuri, ta ce yaron ba mugu ba ne, karatu ne ya hau masa kai. Sa'an nan ta kira nafir, gayyar da ake yi wa wanda ya gaza. Da yake Baffa Jatau bai taɓa jin an kira nafir ya zauna a gida ba, babu wanda ya ce a'a. Laraba da la'asar lori ta cika da maza da mata da tukwane da buhun garin dawa. Baffa ya rantse ba za a bar shi ba, aka ɗauke shi da angareb ɗinsa aka ɗora a tsakiya. Nu'uman ya shiga gaba kusa da direba, yana jin daɗin yadda tsarinsa ya tara jama'a.

Sun isa kambo, bukkokin da ke bakin gona, rana tana shirin faɗuwa. Malam Yunus ya shiga cikin riɗin a hankali kamar mai tsoron tada jariri, ya taɓa ƙwanso ɗaya, ya dawo fuska ba walwala.

"Jatau, ya wuce. Na ƙasa sun fara buɗe baki. Amma akwai raɓa kwanakin nan. In muka shiga da sallame asuba, yana da laushi bai farka ba, mu yanke kafin rana ta ɗaga, za mu tsira da mafi yawa. In rana ta taɓa shi, khalas, shi ke nan."

Kowa ya ji, har Nu'uman. Sai dai shi a kunnensa wannan surutun mutanen da ba su san tarmin ba ne. Abin da ya dame shi daban: in suka fara da asuba, ƙarfe goma me zai nuna wa Daktora? Kututture?

Bayan magariba ya bi mutane ɗaya ɗaya yana karɓar laujensu. Ba wanda ya yi musu, domin al'ada ce ɗan gidan da aka yi wa nafir ya wasa wa baƙi lauje. Har Goggo ta ce a ranta yaro ya fara hankali. Shi kuwa ya kai su bayan bukka, ya rubuta wa kowanne lamba a ƙota, ɗaya zuwa talatin da huɗu, ya jera su cikin tsohon akwatin ƙarfen da Baffa ke ajiye kayan tarakta, ya danna kwaɗon da ya saya a kasuwa don kawai an rubuta Jamus a jikinsa. Ya sa makulli a aljihu. Wayarsa kuma ta kusa mutuwa, don haka tun kafin a kira sallah ya kama jakin kambo ya nufi wani ƙauye mai shagon caji, tafiyar awa biyu.

Ya yi tafiyarsa cikin nishaɗi. Ya yi sallah a hanya, ya karanta wa jakin jawabinsa sau shida, ya gyara masa inda bai gane ba. Ya cika waya, ya sha shayi, ya goge takalmi, ya juyo. Da ya hango kambo ya duba agogo, goma saura minti biyar. Daɗi ya kama shi, domin littafi ya ce zuwa da minti biyar kafin lokaci shi ne cikar mutum.

Mutum talatin ya tarar sun kewaye akwati. Akwatin ya lotse ta ko'ina. Ga duwatsu a gefe, ga ƙarfen taya ya lanƙwashe, ga taɓaryar Goggo ta rabu biyu. Can cikin gona mata huɗu suna ta fama da wuƙaƙen yanka albasa tun asuba, abin da suka yanka bai fi shimfiɗar tabarma goma ba. Rana ta take, raɓa ta daɗe da tafiya. Kwaɗo kuwa yana nan ƙyam, ko ƙwarzane babu.

Nu'uman ya sauko daga jaki, ya durƙusa ya shafa kwaɗon, ya ɗago yana murmushi.

"Kun gani? Wannan shi ne aikin Jamus."

Sai da mutum uku suka riƙe Malam Yunus.

"Buɗe, ya walad! Buɗe kafin in manta ni na yi maka huɗuba!"

"Saura minti biyu, Baba Yunus. Kuma kowa ya tuna lambarsa."

Goggo ta sa hannu a aljihunsa ta fizgo makullin har da rabin aljihun. Aka buɗe, kowa ya wawuri abin da hannunsa ya kai. Nu'uman bai tsaya takaicin lambobi ba, ya haye tirela, don nan kaɗai waya ke kamawa, ya ɗaga ta sama. Ƙarfe goma daidai fuskar Daktora Samah ta bayyana, da tabarau, da ƙananan fuskokin 'yan ajinsu goma sha biyu a gefe.

"Guten Morgen, Frau Doktor!" Ya kwarara gaisuwa yadda duk kambo zai ji, ya shiga jawabi. Ya ce wannan kamfanin noma ne na zamani. Ya ce shi ne shugaba. Ya ce a nan komai da lokacinsa. Jamusancin kuwa, a faɗi gaskiya, yana fita sumul, ko tuntuɓe babu. Sai ya juya wayar don ta ga ma'aikatansa.

A daidai lokacin mutane suka shiga gona, iskar hantsi kuma ta taso. Duk karan da lauje ya taɓa sai ya girgiza, ƙwanso ya buɗe, riɗi ya zubo. Ƙara ta tashi daga wannan gefe zuwa wancan, shaaa, kamar yayyafi a kan kwano. Ƙasar Simsim kuwa baƙin laka ce, in ta bushe takan tsage har hannu ya shige. Farin riɗi yana sauka yana gangarawa cikin tsagogin nan, mutane suna kallo. Wata ta cire mayafi ta shimfiɗa, wani ya tara hula.

Daktora Samah ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar. Ta cire tabarau. Jamusanci ya gudu daga bakinta, Larabcin Gadarif ya fito tsantsa, da ƙarfin da har na cikin gona suka ji.

"Ya Nu'uman! Simsim ne wannan? Wa ya bar shi ya bushe haka? Wane mahaukaci ne yake yankan simsim da rana tsaka?"

"Frau Doktor, bisa tsarin..."

"Rufe mini baki da Frau! Ni a Gadambaliya aka haife ni, da damin simsim aka biya mini makaranta! Me ya hana ku shiga da raɓa?"

Goggo ta ɗago daga ƙasan tirela ta ce, "Ya bitti, 'yata, laujen ya kulle ya tafi da makulli, wai sai kin zo."

Fuskoki goma sha biyu na gefen waya suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi gefe yana dariya. Daktora ba ta yi dariya ba.

"Hajiya, ku dakatar da yankan, kuna ƙara zubar da shi. Ku bari sai gobe da asuba, ku shimfiɗa duk abin da kuke da shi a ƙasa. Kai kuma, jarrabawarka ba ta yiwu ba. Sabon aikinka: shafi uku da Jamusanci a kan yadda ake sanin lokacin yankan simsim. Ba daga littafi ba. Daga bakin wannan baiwar Allah da ke tsaye a ƙasanka. In ba ta ce ka gane ba, kada ka turo mini."

Wayar ta yi duhu. Nu'uman ya tsaya a kan tirela da hannu a sama, ba wanda ya ce ya sauko.

Washegari da raɓa aka yanke abin da ya saura, a kan zannuwa da buhuna da tabarmin sallah. Bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Nu'uman ya yi yanka shi ma, ya yanke yatsa biyu, ba wanda ya tambaye shi lambar laujensa. Da aka gama Baffa ya sa aka ɗauko angareb ɗinsa aka ajiye a bakin gona. Ya miƙa hannu ƙasa, ya zura yatsu cikin wata tsaga, ya fito da 'yan ƙwayoyi masu haɗe da laka. Ya daɗe yana kallon su a tafinsa. Tun watan Yuli yake kwana a bukkar nan saboda su.

Nu'uman ya durƙusa a gefen gadon. Ya nemi abin faɗi da Hausa, da Larabci, da Jamusanci, bai samu ba. Da Baffa ya zage shi da ya ji sauƙi. Baffa ya kama hannunsa, ya juye masa ƙwayoyin a ciki, ya rufe masa yatsu.

"Riƙe. Rabonka ne na bana."

Ranar Asabar, a gida, Nu'uman ya wanke fuska ya ɗauki littafi da biro ya nufi ɗakin Goggo. Ya tarar da teburinsa a bakin ƙofa, Goggo a zaune a bayansa tana tsince 'yar ragowar riɗi a faifai. Malam Yunus da liman da maɗori suna kan tabarma suna shan jabana, kamar dama jiran wani abu suke.

"Goggo, na zo ne kan aikin da Daktora ta ba ni. Tambaya biyar ce kawai."

Ba ta ɗago ba. "Kana da tarmin?"

"Haba Goggo. Jibi ne ƙarshen lokacin da ta ba ni."

"Ma'alesh, yi haƙuri ɗana. A cike nake." Ta hure ƙaiƙayi daga faifai. "Akwai wuri baɗi, watan goma, da sallame asuba, a bakin gona. Ka zo da lauje."

Nu'uman ya haɗiye yawu. Ƙanshin miyar kuɓewa yana fitowa daga madafa, shi kuwa tun jiya bai sa komai a ciki ba.

"To abincin rana fa, Goggo?"

Ta ɗauki biron daga hannunsa, ta lashi bakin biron, ta dube shi.

"Me ya sa kake sha'awar wannan abinci?"